Yaron da Ya Hau Gadon Na'ura da Kansa

Kwanakin baya wasu samari suka zo zaurena a nan Kazaure, 'ya'yan maƙwabta, wai suna so su karanta aikin ɗaukar hoto a asibiti. Na tambaye su me ya ba su sha'awa. Wanda ya fi surutu a cikinsu ya ce, "Baba Hamisu, ai aikin hutu ne. Kana zaune cikin sanyi, ka danna maɓalli, na'ura ta yi komai." Na dube shi, ko gemu bai gama tsiro masa ba. Na ce ya gyara zama. Abin da na gaya musu ran nan shi nake rubutawa, don masu irin wannan tunani suna da yawa, kuma cikinsu har da waɗanda suka riga suka sa farar riga.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wanke fim. Lokacin hoton ƙashi da na ƙirji kawai muka sani, a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Babura, ƙarƙashin Malam Yakubu mutumin Kanya Babba, Allah ya jiƙansa. Ɗakin duhu ne babu taga, sai 'yar jar fitila da bahunan ruwan magani. Ka tsoma fim a wannan, ka ɗauraye, ka tsoma a wancan, ka rataye ya bushe. Warin ruwan yana bin mutum har gida, yatsu su yi baƙi kamar na mai rini. Na daɗe a ɗakin nan kafin Malam ya yarda in tsaya kusa da na'ura, kuma ko da ya yarda, kallo kawai ya ce in yi.

Ranar da ya yarda wata yarinya aka kawo, ta faɗo daga bishiyar mangwaro ta karye a wuyan hannu. Na ga Malam Yakubu yana ta matse hasken na'urar, yana rage faɗinsa, har ya tsaya daidai wurin karayar. Ya ɗauko rigar darma ya lulluɓe mata ƙirji da ciki. Na ce, "Malam, da an buɗe shi sosai ai ba za a kuskure ba." Ya harare ni ya ce, "Hamisu, hannun aka ce mu ɗauka ko yarinyar?" Daga nan ya fara koya min abin da ke fita daga bakin na'urar, wanda 'yan makaranta ke kira radiyeshan, mu kuma muke ce masa haske.

Hasken nan ido ba ya ganinsa. Ba ya zafi, ba ya wari, ba ya barin tabo. Yana ratsa nama ya wuce, shi ya sa muke ganin abin da ke ciki. Amma wucewarsa ba banza ba ce, kuma na bana a kan na bara yake hawa. In ya yi yawa a jiki, yana iya zama sanadin ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Ban ce duk wanda aka yi wa hoto zai kamu ba, mafi yawa babu abin da zai same su. Sai dai yaro ba ɗaya yake da babba ba. Jikinsa girma yake yi, namansa sabo ne, kuma yana da dogon zamani a gaba wanda abin zai iya jira ya fito. Tsoho irina ƙasa za ta riga ciwon. Yaro ɗan shekara biyar shi ne abin ji.

Kayan aikinmu duk don wannan aka yi su. Rigar darma mai nauyi, wadda in ka wuni da ita kafaɗarka za ta gaya maka da dare. Abin wuya na darma. Ƙofa mai kauri da jar fitila a samanta. Gilashin da muke leƙen mara lafiya ta cikinsa. Da wani ɗan bajo da muke maƙalawa a aljihun riga, wanda ake aikawa a auna yawan hasken da ya taɓa mu. Ku lura da wannan: ni ma'aikaci ina da abin da ke auna nawa. Yaron da ake kwantarwa a ciki ba shi da komai sai bakin iyayensa.

Daga baya na ƙara karatu, na koma wani wurin ɗaukar hoto mai zaman kansa a Kano, inda akwai na'urar siti sikan. Gado ne mai tafiya, yana shiga da mutum cikin wani zobe kamar bakin randar da aka kwantar. Tana yanka hoton jiki sala-sala, ka ga ƙwaƙwalwa kamar an buɗe maka ita. Hasken da take saki sau ɗaya ya ninka na hoton ƙashi ninkin-ba-ninkin. A cikinta akwai tsarin manya, akwai na yara, kuma ko a na yaran sai ka dubi girman yaron da nauyinsa ka rage. Na sha ganin ma'aikacin da ya gama da ƙaton ɗan dako, aka shigo da jariri, ya danna a haka bai taɓa komai ba. Hoto zai fito tas, iyaye su yi godiya, babu wanda zai sani sai Allah.

Kada ku ce na tsani na'urar. Akwai wani yaro daga Roni da babur ya buge, aka kawo shi yana barcin da ba na lafiya ba, ido ɗaya ya buɗe fiye da ɗaya. Muna ɗauka muka ga jini ya taru cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Daga gadonmu aka wuce da shi ɗakin tiyata. Yanzu tela ne, duk sallah sai ya aiko min da riga. Irin wannan hoton ko ɗana ne zan kwantar da shi da hannuna. Faɗana da hoton da ba a buƙata ne, da wanda aka maimaita a banza.

Mutanenmu na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, da suka ji akwai ɗan gida a wurin, sai suka riƙa zuwa da sunana. Daga tasha a ce wa mai adaidaita, "Kai mu wurin Hamisu mai hoto." Likita suke ce min, na gaji da gyarawa na bari. A kansu na koyi abubuwan da ba a makaranta. In yaro yana buƙatar a riƙe shi, uwar ce ke miƙewa, kuma mai ciki ba ta da wurin tsayawa a ɗakin. To tambayi matar ƙauye ko tana da ciki a gaban ƙanin mijinta ko surukinta ka gani. Ƙasa za ta kalla ta girgiza kai, ko da wata huɗu ne. Sai na riƙa korar mazan waje, in tura nas ta tambaye ta a kunne. Jariri kuma ba na kokawa da shi. In ya motsa hoto ya lalace, in ya lalace sai an sake, sakewa kuwa haske ne na biyu. Sai in ce uwar ta koma benci ta ba shi nono har ya yi barci, in jira. Alhajin da ke da wurin ya tsani wannan jira kamar ya mutu.

Shekarar da ta fi kowacce muni ita ce wadda man dizal ya yi tashin gwauron zabo. Wutar gari babu, janareta kuma Alhaji ba ya so a kunna sai an tara mutane. Wani lokaci kana tsakiyar ɗauka injin ya yi tari, na'ura ta mutu, mara lafiya ya sha haske babu hoto. Wuraren ɗaukar hoto sun yi yawa a layin, kowa yana farautar wanda ya sauko daga mota. Alhaji ya tara mu ya ce daga yau wanda ya shigo ƙofar nan ba ya fita sai da ambulan ɗin hoto a hannu. A wannan shekarar aka kawo Sadiku.

Ubansa Malam Buba ne, daga wata ruga kusa da Gwiwa, mai 'yan shanu da gona. Yaron bai wuce shekara biyar ba. A farkon damina ya faɗo daga amalanken shanu ya bugi kai, yanzu ga kaka ta yi yana ta kukan ciwon kai. Takardar wata likita suka zo da ita, ta ce a yi hoton kai. Na tambayi uban, kamar yadda nake tambayar kowa, ko an taɓa yi wa yaron irin wannan hoto. Ya ce, "A'a, Likita." Na buɗe musu ƙofa.

Yara in sun ga na'urar nan ihu suke yi. Wasu su maƙale wa uwa, wasu su yi fitsari a tsaye. Sadiku ya saki hannun ubansa, ya cire 'yan takalmansa na roba ya jera a bakin ƙofa, ya taka matakala ya hau gadon. Ya kwanta rigingine, ya daidaita ƙeyarsa cikin matashin, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya rufe ido. Ni ko uffan ban ce masa ba tukuna. Nas ɗinmu ta ce, "Kai, masha Allah, wannan yaro da hankali yake."

Na sunkuya na ce, "Sadiku, wa ya koya maka kwanciya haka?"

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ai na iya. Ba a motsi. In an motsa sai a sake."

"A ina ka iya?"

"A ta Baffa Iro. Ta Kawu Sale ta fi wannan ƙara. Ta Goggo ce ta mutu ina ciki, aka sake."

Yaro yana kiran na'urori da sunayen waɗanda suka kai shi. Na ɗaga shi na zaunar, na ce wa nas ta ba shi alewa, na ja uban waje ƙarƙashin rumfa.

Na ce, "Malam Buba, tsakaninka da Allah, sau nawa aka sa yaron nan a na'ura?"

Ya gyara zaman hularsa. Can ya ce, "Likita, ai ba a yi wa mai aiki shisshigi. In na gaya maka, idonka zai bi na wancan."

Nan na gane. Ku ma kun san al'adar. A wajenmu in ka kai mara lafiya wurin mai magani na biyu, ba ka gaya masa abin da na farko ya faɗa. Ka bar shi ya gano da kansa. In maganarsu ta zo ɗaya ka san gaskiya ce, in ka riga ka faɗa masa to bakinka zai bi. Haka ake yi wa mai ɗori, haka ake yi wa wanzami, kuma a can ba ta cutar da kowa. Ita suka ɗauko suka kawo asibiti. Ga kuma zumunci: yaro ba shi da lafiya, baffa ya ɗauke shi ya kai Kano don ya fita kunya, kawu ya ji ya ce dangin uwa ba za a bar su a baya ba, goggo ma ta yi nata. Kowa ya je wurin sabon likita, ya rufe bakinsa, ya karɓo sabuwar takarda. Duk cikinsu babu maƙiyin yaron.

Na ce, "Hotunan suna ina?"

"Suna gida. Innata ta adana su a adaka."

"Me aka ce sun nuna?"

"Kowanne cewa aka yi ba komai. To yaro yana kuka a ce ba komai? Shi ya sa muka zo wurinka. Kai na gida ne, za ka duba da kyau."

Na zaunar da shi na yi masa bayani iyakar iyawata. Na ce ba komai ɗin nan shi ne amsar, kuma amsa ce ta farin ciki. Na ce hotona ba zai nuna abin da waɗancan ba su nuna ba. Na gaya masa maganar hasken, da yadda yake taruwa, da dalilin da ya sa yaro ya fi babba shiga haɗari. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya kira Sadiku ya shafa kansa, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ya ƙone shi ne? Ga shi ko gashi ɗaya bai zube ba." Wannan ita ce masifar sana'armu. Mai wuƙa in ya yi ɓarna jini zai nuna. Mu tamu ɓarnar, in ta zo, sai bayan kowa ya manta da mu.

Na kira likitar da ta rubuta takardar. Ita ma an ce mata ba a taɓa yi ba. Da ta ji sai ta yi salati, ta ce in tsaya, a kawo mata tsofaffin hotunan ta gani, a kuma dawo da yaron ta duba idonsa da kunnensa, don ciwon kan yaro ba kullum daga ƙwaƙwalwa yake ba. Na gaya wa Malam Buba. Ya ce tunkiya ya sayar ya taso tun asuba, ba zai koma Gwiwa hannu rabbana ba, me zai ce wa uwar yaron?

Ana haka Alhaji ya fito, don an riga an kai masa labari. Ya ce, "Hamisu, wurin nan naka ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, likitar ta janye takardarta."

"Uban yaro yana so. Ya zo da ƙafarsa. Kai wane ne?"

"Ni ne mai dannawa, Alhaji, kuma ba zan danna ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da ya fi ci min rai shi ne Malam Buba ya koma bayan Alhaji ya tsaya, yana gyaɗa kai. A idonsa Alhaji ne mai tausayin ɗansa, ni ne mai hanawa. Ranar ni kaɗai ne a bakin aiki, babu wanda za a sa ya yi. Malam Buba ya dube ni ya ce, "Ba komai, Likita. Mun ɗauka na gida ne." Ya kama hannun yaron. Sadiku yana sa takalmi ya ɗago kai ya ce min, "Ba a yi ba? Ai ban motsa ba."

Ta taga na ga sun tsallaka titi sun shiga wani wurin da ke fuskantarmu. Na san wurin. Ba sa tambayar takardar likita, kuma na san ba sa taɓa tsarin na'urarsu daga safe har yamma. Ba a jima ba suka fito, uban yana rungume da babbar ambulan kamar wanda ya karɓo takardar gona.

Washegari Alhaji ya ɗauke ni daga ɗakin siti sikan ya mai da ni ɗakin hoton ƙashi, ya ɗauko wani wanda ba ya tambaya. Wannan bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Labari ya riga ni zuwa gida. Aka ce Hamisu ya yi girman kai, ya ga ɗan ƙauye ya hana shi hoto, da ɗan mai kuɗi ne da ya yi. Har a wurin ɗaurin aure wani ya tsokane ni da mai rowar hoto, aka yi dariya. Mutanenmu suka daina zuwa da sunana. Ban daɗe ba na ajiye aikin na dawo Kazaure.

Bara na je kasuwar Gwiwa sayen wake. Ina tsugune ina taya kwano sai na ji an ce, "Likita!" Malam Buba ne, da fara'arsa, ya miƙo min hannu biyu. Babu ko alamar riƙo a fuskarsa. Muka gaisa, na tambayi iyali da shanu, sannan na tambayi Sadiku. Ya ƙwala kira, sai ga yaron ya fito daga bayan wata rumfa, ya yi tsawo, yana riƙe da igiyar akuya. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na yi hamdala, na tambayi ciwon kan.

Malam Buba ya ce, "Ai ya tafi. Bayan hoton nan da ka hana, ko wata biyu ba a yi ba ya daina kuka. Ashe shi ya rage a cika." Ya dafa kafaɗata kamar mai yi min ta'aziyya. "Ba laifinka ba ne, Likita, kowa da iyakar saninsa."

Na ce masa ciwon da kansa ya warke, kamar yadda irinsa ke warkewa bayan buguwa, hoto ba ya maganin komai, gani kawai yake yi. Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya ga zahiri. Yaro ga shi a tsaye lafiya lau, da me zan yi masa gardama?

Ya ce, "Mu dai mun gani. Yanzu a rugarmu duk yaron da ya dami uwarsa da kuka, Kano ake kai shi." Ya juya ya nuna min matarsa can gindin bishiya, da goyo a bayanta, jaririyar ko zama ba ta fara ba. "Ga ƙanwarsa nan ma, kwana biyu ba ta barci. Ranar Litinin za mu kai ta."